Wanda Ya Ƙirga Shanun Ja'e

Sunaye sittin da uku ne. Gaban kowane suna akwai inda rugar mutum take, da adadin shanunsa, da ranar da yake kamo hanya zuwa kara, kasuwar shanu. Babu kuɗi a cikin kwamfutar nan, babu takardar gida, babu abin da ɓarawon gari zai ɗaga kai ya kalla. Amma magidanta sittin da uku ne, da matansu da 'ya'yansu, kuma ni na ajiye su a inda duk wanda ya sha ruwa a zaurena zai iya miƙa hannu ya ɗauka. Wata bakwai cur suna haka ban sani ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne maganar da nake ji kuna yi idan kun taru, ku 'ya'yana, wai Rakiya ce ta kashe zauren gidan nan da bokonta. Nasiru, kai ka fi kowa faɗa, har a gaban 'ya'yanta. Ku karanta, sannan ku bar yayarku ta huta.

Kun san na shigo Garuwa da riga ɗaya da sanda, ina riƙe wa dillalai igiya a kara ana ba ni na koko. Abin da ya ɗaga ni ba wayon ciniki ba ne, akwai waɗanda suka fi ni. Masauki ne. Baƙo ya taso daga Cadi ko Kolofata ko dajin Pitowa da dabbobinsa, ya sauka a wurinka, ya ci, ya kwana, ka tsaya masa a ciniki don kada a cuce shi, ka ɗauki la'adarka. Shi ke nan sana'ar mai gida. Ranar da na gama ginin zauren nan, kafinta ya kafa masa ƙyauren katako mai kyau, na sa ya cire kafin ya karɓi kuɗinsa. Ƙyauren yana nan bayan ɗakin hatsi, ku je ku gani. Shekara talatin ana cewa a gidan Alhaji ba a ƙwanƙwasawa, ba a tambayar mutum daga ina. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Yanzu ku fahimci abu ɗaya, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Bafulatanin daji ba ya faɗin adadin shanunsa. Ba ya ma ƙirga su irin tamu. Ya san su da suna da launi da uwar da ta haife su, idan ɗaya ta ɓata tun daga nesa zai ga gurbinta. Ka tambaye shi shanu nawa gare ka, kamar ka ɗaga labulen ɗakin matarsa ne. Ni kuwa na samu adadin ne ta hanyar magani. Jabun maganin sammore ya cika kasuwa a lokacin, shanu suna mutuwa da allura a jikinsu, sai na fara saro mai kyau ina raba wa mutanena. Magani kuwa da ƙirge ake sayensa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa jawo ni gefe suna raɗa min. Ja'e, wanda rugarsa ke bayan Pitowa wajen duwatsu, sai da ya shekara shida kafin ya yarda, alhali shanuna arba'in suna hannunsa yana yi min kiwo. Ranar da ya yarda ma bai furta ba. Bayan bukka ya kai ni, ya jera manyan tsakuwa tara da ƙanana shida, ya bari na kalla, ya watsa su da ƙafa. Tasa'in da shida. Na dawo gida na haɗa da arba'in ɗina, da sha huɗu na ƙanwarsa da mijinta ya rasu, tunda duk ruga ɗaya maganin zai je. Na rubuta ɗari da hamsin gaban sunan Ja'e. Wannan adadi babu shi a bakin kowa a duniya, har Ja'en. A rubutuna kaɗai yake.

Gara ce ta cinye min littattafai biyu, shi ne Rakiya ta kawo kwamfuta. Ta yi karatunta a Ngaundere, aikinta haɗa kwamfutocin ofisoshi su riƙa magana da juna. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata, shi ya sa kuma take faɗa min magana ba ta sunkuyar da kai. Ta ajiye kwamfutar da firinta a ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure, ta juye sunayen duka a ciki, ta sa wifi don baƙi su riƙa kiran gida. Ta sa wa ma'ajin takardun kalmar sirri, na manta ta sau uku a mako ɗaya, na ce ta cire. Ta cire ba da son ranta ba, sannan ta zaunar da ni.

"Baba, to saura abu ɗaya ke tsare da takardun nan, ka saurare ni. Kwamfutar ta zo da katangarta a ciki, Faransawa parfe suke ce mata. Duk abin da ke yawo a wifi guntu-guntu yake tafiya kamar ƙunshin goro. Kowane ƙunshi da adireshin wanda ya aiko shi, da lambar ƙofar da yake nema. Katangar tana duba su ɗaya-ɗaya. Wanda na rubuta mata ta bari ya wuce, saura ta zubar. Na rubuta mata kwamfutar Nasiru kaɗai."

"Wato maigadi kika kawo min gidan da ba ƙyaure."

"Maigadi ne da ba ya karɓar na goro, Baba. Kada ka bari kowa ya taɓa shi."

Na ce to. Ba a jima ba aka mayar da mijinta Ngaundere, ta bi shi.

Ran nan wani babban baƙona daga Kolofata, Alhaji Bukar, ya loda motoci uku za su yi kudu, yana so ya buga takardar likitan dabbobi daga 'yar kwamfutarsa ta hannu. Ya danna, firinta ta yi shiru. Ya sake, shiru. Zaure cike da mutane, ana shan shayi. Ya ɗago yana dariya.

"Jama'a, ashe akwai ƙyaure a gidan Alhaji! A cikin ordinata, kwamfutar nan, ya ɓoye shi."

Aka fashe da dariya. Wasa yake yi, na sani. Da na karɓi takardar a 'yar ma'ajiyar nan ta filashi na kai ciki da hannuna, da an gama cikin minti biyu. Amma dariyar ta taɓa ni a inda ba na so. Na aika aka kira Pol, wani Kirista mutumin duwatsun Mokolo mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, mutum mai gaskiya, ku riƙe wannan. Ya duba, ya sosa ƙeya.

"Alaji, firinta da takardunka ƙofa ɗaya suke bi. Ka ba ni zuwa gobe in yi wa firinta hanyarta dabam."

"Motocin mutum yau za su tashi."

"To in na kashe parfe, duka na kashe fa. Madam Rakiya yanka ni za ta yi."

"Madam Rakiya wa ya haife ta?"

Ya kashe. Takarda ta fito, zaure ya yi tafi, Alhaji Bukar ya ce yanzu ya gane gidan. Pol ya ce gobe zai dawo ya mayar da katangar. Ya dawo, na ce ya bari tukuna, baƙi suna jin daɗin bugawa da kansu. Ya kira ni a waya sau biyu bayan nan, na biyun har na yi masa tsawa. Ban faɗa wa Rakiya ba. Wannan shi ne abin da ya faru, ba ƙari ba ragi.

Bayan wata bakwai, da farkon damina, ina karyawa da safe sai ga Buba ƙanin Ja'e a kan babur, ƙafafunsa duk taɓo. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, abin da ban taɓa gani wurin Bafulatani ba. Ya ce zargina, masu tare hanyar nan da suka koma satar mutane, sun ɗauke Ja'e jiya a mashigar rafi, yana koro bijimai zuwa kara. Jiransa suke yi a wurin, sun san ranar. Sun bugo waya da asuba.

"Me suka ce?"

"Sun ce kada mu yi musu kukan talauci. Sun ce Ja'e shanu ɗari da hamsin gare shi, kuɗin hamsin suke so."

"Nawa ka ce?"

"Ɗari da hamsin, Alhaji."

"Ba su ce ɗari ba? Ba su ce ɗari biyu ba?"

"Ɗari da hamsin. Sau biyu ya faɗa. Ni ƙaninsa ne, ban taɓa jin wannan ƙirge ba. Ina suka samo shi?"

Na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Na ga fashi a rayuwata, an taɓa ɗora min bindiga a wuya a hanyar Marwa, ban ji abin da na ji a wannan safiya ba. Buba yana magana, bakinsa kawai nake gani. Wanda ya leƙa garke daga nesa zai ce ɗari da wani abu. Wanda ya ce ɗari da hamsin daidai, rubutuna ya karanta.

Na kira Rakiya na ce ta hau motar farko. Washegari da hantsi ta iso. Na faɗa mata komai a tsakar gida, har da Pol, har da dariyar Alhaji Bukar. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar mahaifiyarku da ke kan turmi, ta danna nan, ta danna can, bai fi sau huɗu ba, ta juyo min da fuskar wayar. Ga su nan. Ja'e, bayan Pitowa, ɗari da hamsin, ranar zuwa. Ƙasa da shi wani, ƙasa da shi wani, har sittin da uku.

"Wayar Hajiya ce fa, Baba. Wadda take sauraren wa'azi da ita."

Hajiya ta saki ludayi ta ce innalillahi. Ni zama na yi a bakin rijiya.

"Tun yaushe kowa zai iya ganin wannan?"

"Tun ranar da aka yi maka tafi."

Maganar da ta faɗa min ke nan mai zafi, ita kaɗai, kuma ba ta ƙara ba har yau.

Muka shiga ƙaramin ɗaki ni da ita da Nasiru. Ta fara kwashe sunayen daga kwamfutar zuwa 'yar ma'ajiya kamar ɗan yatsa, ta sa min a aljihu. Sannan ta tayar da katangar, tana yi tana faɗa min, don ta ce wannan karon sai na san abin da ke gidana. Doka ta farko, duk ƙunshin da ya zo daga waje neman shiga, a hana, ko daga wa yake. Doka ta biyu, wanda kwamfutar ta aika da kanta ta nema, amsarsa ta shigo. Ta zo kan ƙofar takardu da firinta, wadda lambarta ɗari huɗu da arba'in da biyar, ta tambaye ni ko a bar wa Nasiru kamar da. Na ce ko ni kada a bar wa. Ta kunna wani abu kamar rajista, inda katangar za ta riƙa rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa aka hana shi, da adireshinsa, da lokacin. Sai ta tsaya, ta juyo.

"Baba, hanawa iri biyu ce. Akwai wadda katanga za ta ce wa mutum an hana ka. Akwai wadda za ta zubar da ƙunshinsa ta yi shiru, ya yi ta jira, ya ɗauka kwamfutar ce a kashe ko wifi ne ba kyau. Wacce kake so?"

A nan ne kaina ya fara dawowa. Na yi shekara arba'in ina ciniki, na san bambancin a ce maka a'a da a yi kamar ba a ji ka ba. Wanda aka ce wa a'a ya san an gan shi. Ja'e kuwa yana ɗaure a hannun mutanensa.

"Ta yi shiru, Uwata."

Azahar ta yi, aka yi sallah, aka fitar da abinci zaure. Muna zaune gaban kwamfutar, rajistar fara fat ba komai. Har na fara gaya wa kaina wataƙila wani ne ya wuce sau ɗaya tuntuni, ya ɗauka ya tafi. Sai layi ya fito. Sai wani a ƙarƙashinsa. Sai wani. Adireshi ɗaya, ƙarshensa ashirin da uku, ƙofa ɗaya yake nema, ta takardu. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in, da arba'in da ɗaya, da arba'in da uku.

"Wannan daga ina? Cadi? Najeriya?"

"Ka dubi farkon adireshin, Baba, irin namu ne. Wifi ɗinmu kuwa ba ya wuce dogonyaron ƙofar gida."

"Ko mai son buga takarda ne?"

"Da ya leƙo ya yi magana, kamar yadda suka saba."

Na tashi na ɗaga labulen 'yar tagar da ke kallon zaure. Tire huɗu na tuwon dawa da miyar yakuwa. Mutum goma sha tara, na ƙirga su sau biyu. Babu wanda ban san sunan ubansa ba. Akwai wanda na yi wa walicci, akwai wanda na biya wa asibiti, akwai wanda ya shekara ashirin yana kwana a kan tabarmar nan. Hannun dama a cikin tuwo, hannun hagu da waya, kusan dukansu, kamar yadda mutane suka koma ci yanzu. Ana ta dariya kan wani bijimi da ya kori mahauci. A bayana Rakiya ta ce a hankali, ya sake. Na dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda ta canja. Babu. Wallahi babu.

Nasiru, ka tuna abin da ka ce?

"Baba, a rufe zauren nan yanzu a caje wayar kowa!"

"Da wane ƙyauren?"

Rakiya ta ce daga nan ba za ta iya cewa ga mutumin ba. Abin da na'urar wifi ke nunawa irin wayar ce kawai, kuma irin wadda rabin zauren ke riƙe da ita. Sai an karɓi wayoyin an duba ɗaya-ɗaya. Na auna. In na caje na kama shi, kafin la'asar labari ya kai daji, gawar Ja'e za a kawo mana. In na caje ya riga ya goge, na ci mutuncin mutum goma sha takwas a banza, kuma Ja'e dai ya tafi. Na ce ba wanda za a taɓa. Hajiya tana bakin ƙofa ta ji komai.

"Alhaji, ni zan ci gaba da tuƙa wa wanda ya sayar da Ja'e tuwo?"

"Za ki ci gaba. Har man shanu za ki ƙara."

Na gyara hulata na fita zaure, na yi ƙaryar da ta fi kowace girma a rayuwata. Na tsine wa kwamfuta da wanda ya ƙera ta, na ce ta mutu tun safe, 'yata mai digiri ta taso daga Ngaundere ta kasa tayar da ita, kuɗin makaranta sun tafi a banza. Aka yi dariya, aka ba ni haƙuri. Wani ya ce a kira Pol. Na zauna na sa hannu a tiren da ya fi kusa, na ci tare da su. Kun ga inda maganar nan taku ta samo asali, cewa Rakiya ta ɓata kwamfuta ta kori baƙi. Daga bakina ta fito, da saninta, don a tsare ran mutum. Tana jina ta cikin labule.

Haka muka ci gaba har Ja'e ya cika kwana goma sha ɗaya a hannunsu. Adireshin nan ya ci gaba da ƙwanƙwasawa kwana huɗu, kullum lokacin abinci, sannan ya daina. Baƙi suna zuwa suna tafiya yadda suka saba, ba yadda za ka ce tafiyar wane ce ta zo daidai da shirun. Na sayar da shanuna arba'in ɗin da ke hannun Ja'e, a farashin wanda aka san yana sauri, dangin Ja'e suka sayar da goma. Ni kuma kullum da sassafe ina bayan babur, ruga-ruga, ina ce wa mutane su matsa daga inda suke, su canja ranar zuwa kara, su canja hanya. Suna tambaya me ya faru, ina cewa daji ba lafiya. A damina nake tayar da mutane daga wurin da suka kafa bukkoki, yara suna kuka, mata suna harara ta. Na kai ga hamsin da takwas da ƙafata, sauran na aika Buba.

Aka sako Ja'e ranar Talata a bakin wata gonar auduga, ba takalmi, wuyan hannunsa duk shatin igiya. A ranar muka zauna a gida kan abin da ya rage. Nasiru, kai ka ce magana ta mutu, an biya, an sako shi, katanga ta hau, ba wanda ya sani sai mu huɗu. Ka ce in na buɗe baki na rushe abin da na gina shekara talatin, kuma ku za ku gaji kangon. Ba ka yi ƙarya ba, lissafinka daidai ne, shi ya sa ban taɓa riƙe ka da shi ba. Amma sunayen nan suna cikin wayar wani har yanzu. Mutumin da bai san an san adadinsa ba, bayan wata biyu zai koma tsohon wurinsa da tsohuwar ranarsa. Hajiya ce ta yanke.

"Shirun farko don Ja'e ka yi. Wannan kuma don wa?"

Na fara da Ja'e. Na same shi kwance a inuwar bukka ana ba shi kindirmo da cokali. Na sa aka ba mu wuri, na faɗa masa tun daga tsakuwa har zuwa tire huɗu.

"Na watsa tsakuwar nan da ƙafata, Alhaji."

"Ka watsa."

"Kai ka bi ka tsince."

Ya ce useko, godiyarsu ta Fulani, da shanu arba'in, ya ce Allah ya mayar. Ya juya fuskarsa bango. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya yi wajen Faro, bai yi min sallama ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na faɗa wa zaure, a tsaye. Na ce kwamfuta ba ta mutu ba, ƙarya na yi. Na ce adadin Ja'e daga ɗakin nan ya fita, ta ƙofar da ni na sa aka buɗe, kuma wanda ya ɗauka yana cin tuwon gidan nan. Na ce ban san ko wane ne ba, ba na zargin kowa da suna. Ba wanda ya motsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da aka kira la'asar dukansu suka tashi suka yi sahu a bayana, kafaɗa da kafaɗa. Na kai wa jandarmomi takardar rajistar da Rakiya ta buga min, suka karɓa suka rubuta. Har yau ban san mutumin ba. Na yi ta juya fuskokin nan goma sha tara a kaina shekaru, wasu sun rasu na je jana'izarsu ina tunanin ko shi ne.

Zauren bai mutu rana ɗaya ba. Mutum zai zo ya zauna, ya fitar da waya, ya ga na kusa da shi yana kallon hannunsa, ya mayar aljihu. Mai gaskiya ya gaji da a kalle shi, ya koma wani masauki. Alhaji Bukar ya zo da kansa ya ce dariyarsa ce ta jawo, na ce a'a, kunnena ne. Pol ya zo yana hawaye, na ce ya tashi, sau uku ya gargaɗe ni. Fulani kuwa ba sa faɗa, ƙafa kawai suke ɗaukewa. Rakiya ta raba wifi biyu kafin ta koma, na baƙi dabam, na ɗaki dabam. Sunayen nan na sa ta goge su daga 'yar ma'ajiyar a gabana, sannan na jefa ta a murhun Hajiya. Yanzu mai son magani cewa yake a ba ni kwalba kaza, in ba shi, ba na tambayar na shanu nawa ne.

Bayan shekara uku ina zaune a rumfata a kara, sai inuwa ta tsaya a kaina. Ja'e ne, ya yi furfura, sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta gida da ta daji da ta ruwa. Ya tsuguna, ya ɗauki wata tsakuwa yana juyawa a hannu.

"Alhaji, shanuna nawa yanzu?"

"Wallahi ban sani ba, Ja'e."

"Ko kusa?"

"Ko kusa."

Ya jefar da tsakuwar.

"To akwai bijimai biyu a bakin kara. Tashi ka sayar min."

Ga lissafin, tunda ku 'ya'yan ɗan kasuwa ne. Na rasa shanu arba'in. Cikin sittin da uku, ashirin da biyu ne suka dawo hannuna. Tire huɗu ya koma ɗaya, wani lokacin ma a mayar da saura ciki. Abin da ya rage min, ba a ƙara ɗauke ko mutum ɗaya daga cikin sunayen nan ba iyakar sanina, katangar tana nan a kunne, kuma yayarku ce ta kafa ta sau biyu, ni na rushe ta sau ɗaya. Ta ɓangarena ban ce na faɗi ba, shanu na biya, kuma dukiyata ce. Amma kwana goma sha ɗaya a ɗaure Ja'e ne ya biya su, saboda dariyar da na kasa haɗiyewa, kuma wannan ba ni da abin da zan mayar masa.